Daga Guangzhou zuwa Panteka: yadda na mallaki takobin haske da abin da ya ci mini

Tun daren da yaran layinmu a Unguwan Dosa da ke Kaduna suka ga takubban haske guda biyu suna walƙiya a ƙofar gidana, cikin azumin 2025, ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni bayan sallah, wani a wajen aiki, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce: a ina ka samo, nawa ka saya, ta wace hanya suka zo? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi, domin daga ranar da na fara bincike zuwa ranar da na rufe maganar sai da aka shafe wata biyar, kuma akwai kuɗin da na yi asararsu a banza saboda ban samu wanda ya riga ni bin hanyar ya gaya mini ba. Shi ya sa na zauna na rubuta komai yadda ya faru.

Fim ɗin Star Wars na farko ya fito a 1977, amma ni a kaset na fara ganinsa, wajen 1996, a ɗakin wani maƙwabcinmu a Tudun Wada inda muke cika tabarma mu fi goma sha biyar. Turancin ba ma jinsa, labarin ma ba mu kama shi sosai ba. Abin da ya tsaya mana shi ne takobin da ake danna masa makunni ruwansa ya fito da haske yana gurnani. Washegari kowa ya samo karan dawa, muna kai wa juna sara muna yin ƙarar da baki. Na girma, na yi aure, na haifi yara, amma duk lokacin da na ga hoton takobin nan sai wani abu ya motsa a ƙirjina. A watan Disamban 2024 kwasar adashin ofishinmu ta faɗo kaina, na ce wannan karon zan cire wani abu na biya wa kaina wannan buƙata.

Mako uku na farko a karatu suka tafi, kuma a nan ne na fara rikicewa. Na ɗauka abu ɗaya ne ake sayarwa, ashe hawa-hawa ne. A can sama akwai masu neman daidai da na fim har zuwa kan kusa. A wajensu na fara sanin cewa mariƙin takobin Luke Skywalker, jarumin fim ɗin, ba musamman don fim aka ƙera shi ba. Mariƙin fitilar kyamara ne na kamfanin Graflex, irin wanda 'yan jarida ke ɗaukar hoto da shi a shekarun 1940. Mai shirya kayan fim ɗin, Roger Christian, ya tsinto shi a wani shagon kayan hoto a Landan, ya manna masa baƙaƙen robobi a gindi don riƙo, ya ƙara masa ɗan gilashin fuskar tsohuwar na'urar lissafi. Na Darth Vader, mugun fim ɗin, shi ma daga fitilar kyamara aka yi shi, ta wani kamfanin Ingila mai suna MPP. Yau tsohon Graflex na asali, shi kaɗai ba fitila ba sauti, ɗaruruwan daloli yake ci, domin masu son fim ɗin sun daɗe suna wawasonsa. Kuma masu wannan harka ba sa wasa da bambanci: na fim ɗin 1977 robobin riƙonsa bakwai ne da jan maɓalli ɗaya, na fim ɗin 1980 robobi shida ne da jan maɓalli biyu, kuma an sauya gilashin lissafin da ɗan yankin allon lantarki. Idan ka haɗa na wannan da na wancan, da kallo ɗaya za su gane. Ƙasa da su akwai masu lasisin masu fim ɗin, kamar jerin Force FX Elite na kamfanin Hasbro, waɗanda na gani tsakanin dala 250 zuwa 280. Sai kuma masana'antun China marasa lasisi, waɗanda ke yin kamannin na fim su laƙaba musu wasu sunaye, ko su yi nasu samfurin da bai yi kama da na kowa ba.

Akwai kuma maganar ruwan takobin, wanda bututu ne na wata roba mai tauri da ake kira polikabonet, kaurinsa inci ɗaya, tsawonsa kusan santimita 92. Iri biyu ne. Akwai wanda ƙwan fitila ɗaya ke cikin mariƙi yana hasko bututun daga ƙasa. Shi ne mai araha, yana jure duka, amma da rana haskensa ba ya wani tasiri. Akwai kuma wanda suke kira Neopixel, wanda aka jera ƙananan ƙwayaye a cikin bututun tun daga gindi har tsini, shi ya sa haskensa ke hawa a hankali kamar a fim. Yana da kyau ƙwarai, amma yana shan batir, kuma idan aka yi ta maka shi da ƙarfi ƙwayayen na iya mutuwa, ga sabon ruwa da tsada. Wani abu da ya sanyaya mini jiki shi ne sanin cewa a fim ɗin farko ma babu wani ruwa mai haske. Sanda ce aka riƙe, daga baya aka zana hasken a kan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Gurnanin kuwa Ben Burtt ne ya haɗa shi daga ƙugin injin majigi da wani zuzuniyar da makirufo ya ɗauka a kusa da talabijin. Wato duk mai cewa nasa ruwan takobin daidai yake da na fim, yana nufin ya yi kama da abin da ido ya gani ne kawai.

Duk da haka zuciyata ta kafe a kan wani kwafin Graflex mai Neopixel da na gani a dala 230. A canjin lokacin, da dala ke wajen naira 1,650 a hannun 'yan canji, ya tasar wa naira dubu 380 tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne. Ga kuɗin makarantar yara na zango na biyu yana jira a Janairu. Da daddare na nuna wa uwargida hoton a waya, na gaya mata farashin ban rage ko sisi ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, ni ba zan hana ka abin da ranka ke so ba. Amma gaya mini, idan ya zo a ina zai zauna, a hannunka ko a cikin shogilas?" Na yi shiru. Ta ƙara da cewa, "Kuma in guda ɗaya ne, da wa za ka yi wasan? Yaran nan biyu faɗa za su yi ta yi a kansa, kai kuma ka ɓoye shi a saman sif don kada ya fashe." A mako ukun da na yi ina karatu babu wanda ya yi mini wannan tambayar, kuma ita ce ta raba gardama. Na koma na sake duba hoton Graflex ɗin da idon mai riƙewa: ga akwatin ƙarfe a tsakiyarsa daidai inda tafin hannu zai zauna, ga wasu kunnuwa biyu masu kaifi a sama, ga robobin da ke cizon yatsu. Abin da aka yi don ya yi kyau a kyamara ne, ba don a yini ana juya shi ba. Muka tsayar da naira dubu 200 a matsayin iyaka, na zaɓi takubba biyu masu sumul ɗin mariƙin alminiyam, masu ƙwai a gindi da ruwa mai kauri na duka, kowane dala 48. Ba su yi kama da na kowane jarumi ba.

Sai aka zo biya. Katin bankina na naira ya ƙi shiga, don a lokacin galibin bankuna sun daɗe da rufe sayayyar waje da katin naira. Na je reshen bankin da ke cikin gari ranar Litinin, na karɓi lamba, na zauna awa ɗaya da rabi. Da layi ya zo kaina ma'aikaciyar ta yi mini bayani cikin mutunci cewa sai na buɗe asusun dala: hoton fasfo biyu, NIN, BVN, takardar biyan kuɗin wuta, da mutum biyu masu asusun karant da za su tsaya mini, sannan in nemo dalar da kaina in zuba. Don sayayyar dala 96 na ga wahalar ta yi yawa. Wani ƙanena ya ce in gwada katin dala na manhajar waya. Na sauke wata, na ba da BVN da NIN, na ɗauki hoton fuskata, suka cire dala 3 kuɗin buɗe kati, na zuba kuɗi a farashin da ya ɗara na 'yan canji. Sau biyu ina gwada biya ana ƙi, kuma kowane ƙi sai an yanki wani abu. Da na gaji na ce a mayar mini da kuɗina naira, sai suka sayi dalar a ƙasa da yadda suka sayar mini. Da na yi lissafi kusan naira dubu tara ta tafi ban sayi ko tsinke ba. Daren nan raina ya ɓaci sosai, har na ce ko dai in haƙura da abin gaba ɗaya.

Wanda ya fitar da ni wani abokina ne mai sayar da caja da gilashin waya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ya ce, "Kai ma dai, mu da muke sauke kaya daga China kowane wata ka bar mu ka tafi manhaja?" Ya raka ni wani ofishi a saman bene, wajen wani Alhaji da ke da sito a Guangzhou. Tsarinsu mai sauƙi ne: ka tura musu hoton kayan da adireshin mai sayarwa, ka biya su da naira, yaronsu na can ya biya da kuɗin China, a kai kayan sitonsu da lambarka a jikin kwali, su haɗa da na sauran mutane su auno. Ya yi mini lissafi a 1,680, dala 96 ta kama naira 161,280, da ladansu naira dubu takwas. Kuɗin jirgi da na kwastan a haɗe suke cikin kuɗin kilo, sai kaya sun iso Legas ake biya. Na biya ranar 17 ga Janairu, na karɓi rasit.

A wannan zaman ne na nuna masa wani hoto na daban, bindigar Han Solo, wani jarumin fim ɗin, na tambaye shi ko ita ma za a iya kawowa wata rana. Ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, "Malam, ko ta biredi ce, in dai siffar bindiga gare ta ba na ɗauka. Kwali ɗaya zai sa a tsare kayan mutum hamsin." Gaskiyarsa ne, kuma na ga wautar tambayar tun kafin ya rufe baki. Ita wannan bindigar ta fim a jikin bindigar gaske aka gina ta, Mauser C96 ta Jamus, haka ta sojojin nan masu fararen sulke daga Sterling ta sojan Ingila aka yi ta. Iya kyan kwafin iya kamarsa da makamin gaske. A garin da muka san abin da muka gani na rashin tsaro, da shingayen bincike a kowace mashiga, babu wani nishaɗi da ya kai mutum ya sa kansa ko ɗansa a gaban jami'in da zai yanke hukunci cikin daƙiƙa ɗaya da dare. Ban sake waiwayar maganar ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ina ce masa ya cire ta daga ransa.

Kayan sun isa sito ranar 24 ga Janairu, aka turo mini hoton kwalin a kan sikeli. Na yi murna, ban san na faɗa bakin hutu ba. Sabuwar shekarar China ta kama 29 ga Janairu, kuma a wannan biki masana'antu da sito-sito rufewa suke yi, ma'aikata su tafi garuruwansu. Sama da mako biyu kwalina na zaune. Da aka buɗe kuma sai aka ce mini kayan da ke da batirin litiyam ba sa bin jirgin da sauran kaya ke bi, layinsu daban, kuɗinsu daban, kuma sai an tara su da yawa. Kowane takobi yana da batir ɗaya mai lamba 18650, irin wanda ke cikin wasu tocila masu caji. Kullum da safe sai na duba waya. Abokina ya ce in daina kiran Alhaji kada in gundure shi, kayan China haƙuri suke so.

Ƙarshen Fabrairu aka ce sun sauka Legas, aka turo mini takardar biya: naira 60,800. Na ce ba daidai ba ne, ai a hoton sikeli kilo 2.1 na gani, kuma an ce mini kilon kayan batir naira dubu 19 ne. Na koma ofishin da rasit a hannu. Yaron Alhaji ya ɗauko biro ya nuna mini abin da ya kamata a gaya mini tun ranar farko. Jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Ana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa a santimita, a ninka su, a raba da 6,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi ake biya. Kwalina 105 ne da 15 da 12, ya ba da 3.15, suka cike shi 3.2. Ruwan takobi bututu ne fanko, iska ce a cikinsa, amma tsawonsa kusan mita guda, don haka kuɗin iska na biya. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake, sai dai rashin faɗa da wuri ya sa na ji zafinsa. Na biya, na ƙara naira dubu takwas kuɗin mota daga Legas.

Ran shida ga azumi direba ya kira ni da la'asar ya ce in same shi a tashar Mando. Na ba da sunana da lambar waya, ɗan kamasho ya jawo kwalin daga ƙarƙashin buhuna, gefe ɗaya ya ɗan loɓa. Na tari keke, kwalin ya ƙi shiga sai da muka gicciye shi, ƙarshensa na leƙowa waje. Ba mu yi nisa ba wani jami'in tsaro ya ɗaga mana hannu. Dogon kwali siriri a keke, ko ni ne zan tsayar. Ya ce, "Oga, mene ne a ciki?" Na ce kayan wasan yara ne masu fitila, na miƙa masa rasit na nuna masa hoton a waya. Ya ce a buɗe. Kafin in yanka selotef na tuna shawarar abokina cewa kada in kuskura in buɗe kwali ba tare da ana ɗaukar bidiyo ba, sai na ba mai keken wayata ya riƙe. A nan bakin titi, da ƙishirwar azumi, na fara ganin takubbana. Jami'in ya ɗaga mariƙi ɗaya ya jinjina, ya leƙa cikin bututun, na danna masa makunni fitilar ta kawo shuɗi da gurnaninta. Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya sa albarka, a sha ruwa lafiya."

A gida na gano ɗaya daga cikinsu yana kawo haske amma sautinsa sai ya yi kamar ana murza leda ya ɗauke. Na tura wa mai sayarwa bidiyon ta hannun yaron Alhaji. Ya amsa cewa in mayar da kayan a sauya mini, ko in karɓi dala 10. Mayarwa ta fi kuɗin takobin, don haka ba a ma fara maganar ba, kuma dala goman har yau ban gan ta ba. Na kai shi wajen wani mai gyaran waya a kasuwa. Ya zare cikin a hankali, ya ga wayar lasifika ɗaya ta saki, ya ɗiga mata dalma, ya karɓi naira dubu biyu. Shi ne ya karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin ya ja mini kunne cewa cajar da aka ce a yi amfani da ita mai 5V da 1A ce, in na soka masa cajar waya mai saurin caji allon cikinsa na iya ƙonewa. Na sayi ƙaramar caja a wajen abokina na ɗaura mata jan zare don kada a haɗa ta da sauran. Jimillar abin da takubban dala 96 suka ci, har da asarar manhaja da gyara, kusan naira dubu 250 ne. Na haura iyakar da muka sa da dubu 50, sai da na ɗage ɗinkin sallata na cike.

Daren da duka biyun suka tashi lafiya, an ɗauke wuta bayan tarawihi. Na fito tsakar gida na ba babban ɗana mai shekara goma ɗaya shuɗin, na riƙe koren. Da muka danna, bangon gidan gaba ɗaya ya rine, har ƙurar da ke yawo a iska sai da ta fito a cikin hasken. Na ga fuskarsa rabi shuɗi, bakinsa a buɗe, ya riƙe mariƙin da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ya ɗaga a hankali, gurnanin ya bi hannunsa ya sauya murya. Da ruwan takubban suka haɗu suka yi ƙara da walƙiya, ƙanwarsa ta yi tsalle ta ce, "Abba, saura ni, saura ni!" Hajiyarmu da ke zaune kan darduma da carbi ta ce a kawo mata ta gani, ta shafa bututun da bayan hannu ta ce, "Au, ashe ba zafi." Kafin minti goma yaran layi sun cika ƙofar gida. Mun kafa doka a daren: ba a kai sara kai ko fuska, ba a yi sai da babba a wurin, kowa minti uku. Bututun yana da tauri, ya sami ɗana a gaɓar yatsa sai da ta kumbura kwana biyu, daga nan na saya musu safar hannu irin ta masu aikin gini. Da kwafin dala 230 ne a hannuna a wannan dare, na san ba zan miƙa wa ɗan kowa ba.

Amma son Graflex bai bar ni ba. Wani ɗan ƙaramin noti mai riƙe ruwan takobi ya faɗi ya ɓata bayan sallah, nemansa ya kai ni kasuwar Panteka. Ina tafe tsakanin masu walda da masu ƙera tukwane da injin niƙa, ga tarin tsofaffin ƙarafa ko'ina, sai abin ya faɗo mini: ai shi ma na asalin daga irin wannan tarkacen aka haɗa shi. Mutumin da ba shi da isasshen kuɗi ne ya shiga shagon tsofaffin kaya ya ɗauki abin da ya samu. Na koma gida na buga hotunan na 1980 ta kowane gefe, na rubuta awo. Kaurin bututun Graflex inci ɗaya da rabi ne, daidai da bututun silba da ake yin ƙarfen matakala da baranda, wanda ke ko'ina a kasuwar. Na kai wa wani dattijo mai injin feƙe ƙarfe. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, wannan na wane inji ne?" Na ce ba na inji ba ne, Baba, na fim ne, ajiyewa zan yi ina kallo. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, in dai ka kawo awo, ƙarfe ba ya gardama."

Sau uku na je. A zuwa na farko na tarar ya miƙar da lanƙwasar bakin bututun ya goge kunnuwan nan biyu sun yi sumul, don a ganinsa kuskure ne a zanen, kuma za su yanki hannu. Na yi masa bayani cewa wannan karkacewar ita ce abin da nake nema, ya sake yanko wani bututun bai ƙara mini kuɗin aiki ba. Robobin riƙo shida muka yanka daga baƙar robar da gilashin taga mai turawa ke gudu a kanta. Yankin allon lantarki mai layukan ruwan zinariya na ciro shi daga matacciyar kwamfuta a wajen 'yan gwangwan a naira ɗari biyar. Jajayen maɓallai biyu almajirinsa ne ya feƙe su daga alminiyam muka shafa musu jan fenti. Ƙarfe da aiki da kuɗin keke duka sun tashi naira 31,500. Ba ya haske, ba ya ƙara, babu tambarin Graflex a jikinsa, kuma akwatin tsakiyarsa ya ɗara na asali faɗi kaɗan. Masu ƙidayar kusa za su kama shi nan take. Ni dai da na ɗora shi a tafin hannuna, da sanyin ƙarfen da nauyinsa, na ji abin da nake nema tun ɗakin kaset na Tudun Wada. Yana cikin shogilas yanzu, a hawa na sama kusa da tangaran ɗin uwargida.

Ga mai shirin bin wannan hanya, tambayar uwargidana zai fara yi wa kansa, a hannu ko a shogilas, domin wanda ya fi kama da na fim shi ya fi wuyar riƙewa da saurin lalacewa, kuma shi za ka fi jin tsoron ba wani. In wasa kake so, biyu masu araha sun fi ɗaya mai tsada. Duk farashin da ka gani a intanet ka ɗora masa rabinsa kafin ka ce za ka iya. Kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa awon kwali, ka yi lissafin nan na 6,000 da kanka, ka kuma tambayi ejan kuɗin kilon kayan batir da kwana nawa suke yi. Kada ka yi oda gab da sabuwar shekarar China, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ko makon farko na Oktoba da suke hutun ƙasa. Rasit da hoton kaya su kasance a wayarka ranar ɗauka. Wasu abubuwan sun sauya bayan tawa sayayyar: daga tsakiyar 2025 wasu bankuna sun dawo da sayayyar waje da katin naira, kuma a Satumban 2025 hukumar kwastan ta fara yafe haraji ga ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, don haka ka fara tambayar bankinka kafin ka bi doguwar hanyar da na bi. Sannan kada a bar takobi a cikin mota a rufe da zafin Maris da Afrilu, batirin litiyam ba ya shiri da zafi.

Ranar da na je karɓar aikin na tafi da koren takobin don Baba ya ga abin da ake magana a kai. Ya sa aka ja ƙofar shagon aka rage haske, ya kunna ya kashe ya fi sau biyar. Daga nan ya ce in kwance masa mariƙin, ya zaro cikin, ya auna batir da lasifika da allon da ma'auninsa, ya rubuta lambobin da alli a jikin ƙofa. Ya ce bututun silbar da muka yi aiki da shi yana da wurin da zai ɗauke su duka, abin da ya rage kawai zoben da zai riƙe ruwan takobin a baki, kuma yana da guntun alminiyam da zai isa. Na tambayi yaron Alhaji, ya ce ana sayar da kayan cikin su kaɗai ba mariƙi ba ruwa, kwalinsu bai fi na sabulu biyu ba.